Kirari ko Alkawari? Auna Ingancin Bayanin Manufar Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake auna ingancin bayanin manufa, wato gajeren rubutun nan da hukuma ko ƙungiya kan fitar domin ta faɗi dalilin kafuwarta da aikin da ta sa a gaba. An ɗauki bayanin manufar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a matsayin abin nazari. An gwada shi da ma'aunin ƙidayar sassa na masana harkar gudanarwa, sannan da sharuɗɗan alkawari na ra'in aikin furuci, aka kuma yi amfani da fassara zuwa Hausa a matsayin hanyar gwaji. Maƙalar ta nuna cewa bayani yana iya samun maki mai kyau a ma'aunin farko ya kuma gaza a na biyu, kuma gaɓar da ta fi nauyi a bayanin jami'ar ita ce wadda ta shafi al'adun Afirka, domin a kanta ne ake iya bin jami'ar bashi.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga ofisoshin manyan makarantu ya san allon nan da ake ratayewa a bango, mai ɗauke da buri da manufar hukuma. Wanda kuma ya bi lungunan Samaru da Sabon Gari zai ga irinsa an rubuta da fenti a katangar makarantu masu zaman kansu. Kaɗan ne ke tsayawa su karanta. Duk da haka, wannan rubutu shi ke zama a shafin farko na kundin tsare-tsare, shi ake nuna wa masu tantance kwasa-kwasai daga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, shi kuma ake kafa hujja da shi idan ana neman tallafi. Rubutun da ke da irin wannan matsayi ya cancanci a tambaye shi ingancinsa, kamar yadda ake tambayar ingancin waƙa ko ƙagaggen labari.

Tambayar ta fi zafi a lokacin da aljihu ya yi ƙunci. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma masu sayar da abinci da masu gidajen haya da masu shagunan buga takardu a Samaru sun ji a jikinsu. Ƙarin kuɗin wutar lantarki na Afrilun 2024 ya sake matse jami'o'in gwamnati. A irin wannan hali dole hukuma ta zaɓi abin da za ta riƙe da abin da za ta saki. Bayanin manufa mai inganci ya kamata ya taimaka wajen wannan zaɓi. Idan bai iya ba, to ado ne na bango.

2.0 Manufa, Buri, Take da Kirari

Kafin a shiga awo, ya dace a bambanta kalmomi huɗu da ake yawan cakuɗawa. A wannan maƙala, manufa ita ce aikin da hukuma ta ce domin sa aka kafa ta, da mutanen da za ta yi wa aikin. Buri kuwa shi ne matsayin da take fatan kaiwa nan gaba. Take shi ne ɗan gajeren furucin da ake liƙawa a ƙarƙashin tambari. Kirari kuma, kamar yadda manazarta adabin baka suka sani, zance ne na yabo da kambamawa da ake yi wa mutum ko gari ko sarauta, ko mutum ya yi wa kansa.

Bahaushe ba ya ƙaryata kirari. Idan maroƙi ya kira basarake giwa, babu mai zuwa ya duba ko yana da haure. Kirari yana aikinsa ne ta hanyar zuga da ƙarfafa zuciya, kuma wannan aiki ne na gaske. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da tsofaffin ɗalibanta suna da nasu kirarin da suke yi mata, na cewa ita a gaba take bisa ɗabi'a, kuma babu mai neman su kawo alƙaluma. Matsalar tana tasowa ne idan rubutun da aka kira manufa, wanda za a gina kasafin kuɗi a kansa, ya fito da siffar kirari. Alkawari kaya ne, in ji masu iya magana. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, bayanin manufa dangin alkawari ne, saboda haka da ma'aunin alkawari ya kamata a auna shi.

3.0 Bayanin da Ake Nazari

An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, bayan rahoton Kwamitin Ashby na 1960 a kan ilimi mai zurfi a Nijeriya. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta, kuma Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, shi ne ubanta na farko. An gina ta a kan cibiyoyin da ke akwai tun da: Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya reshen Zariya, da Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo, da tashar binciken aikin gona ta Samaru, da gonar dabbobi ta Shika, da kwalejin Kano wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero. Norman Alexander ne shugabanta na farko, sai Ishaya Audu ya gaje shi a 1966. Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975.

Bayanin manufar jami'ar da Ingilishi aka rubuta shi, jimla ce guda mai gaɓoɓi uku. Ga abin da suka ƙunsa, bisa fassarar marubucin wannan maƙala. Gaɓa ta farko ta ambaci faɗaɗa iyakokin ilimi da buɗe sababbin fagage ta hanyar koyarwa da bincike da yaɗa ilimi mafi inganci. Ta biyu ta ambaci kafawa da ƙarfafa haɗin kai a cikin ƙasa da tsakanin ƙasashe, da cigaba, da bunƙasa al'adu da gargajiyar Afirka. Ta uku ta ambaci samar da ƙwararrun ma'aikata na babban mataki da ƙara wa ma'aikata sani ta hanyar sake horar da su, domin biyan buƙatun yankin da jami'ar ke ɗibar ɗalibai, da Nijeriya, da sauran duniya. Akwai kuma bayanin buri daban, wanda ya ce jami'ar za ta zama ta sahun gaba a duniya, wadda za a iya jerawa da kowace. Ba za a tsananta masa ba a nan, domin buri yana da izinin ya yi kama da kirari.

4.0 Ma'aunin Ƙidayar Sassa

Peter Drucker, tun a rubuce-rubucensa na shekarun 1970, ya nace cewa tambayar farko ga kowace hukuma ita ce ta san mene ne aikinta. Waɗanda suka biyo bayansa sun so su mayar da wannan tambaya abin ƙirgawa. Pearce da David (1987) sun duba bayanan manufa na manyan kamfanonin Amurka suka ware sassa takwas da ake sa ran samu a ciki, daga baya Fred David ya mayar da su tara: waɗanda ake yi wa hidima, da hidimar kanta, da fagen da ake yin ta, da fasahar da ake amfani da ita, da kula da ɗorewar hukuma, da aƙidarta, da abin da take ganin ta fi saura da shi, da kula da kimarta a idon jama'a, da kula da ma'aikatanta. Mai awo sai ya ɗauki bayani ya riƙa yin maki a gaban kowane sashe da ya gani.

Idan aka yi wa bayanin jami'ar wannan ƙidaya, zai fita da mutunci. Ya faɗi hidimarsa, ya faɗi fagensa tun daga yanki har duniya, ya ambaci waɗanda zai yi wa aiki, ya nuna aƙida ta haɗin kai da girmama al'ada, ya kuma nuna damuwa da buƙatun al'umma. Abin da babu a fili shi ne batun ɗorewar jami'ar ta fuskar kuɗi da batun jin daɗin ma'aikatanta, kuma ba ƙaramin abin lura ba ne cewa waɗannan biyun su ne tushen yawancin yaje-yajen aiki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ma'aunin yana da amfani.

Sai dai raunin ma'aunin a bayyane yake. Yana ƙirga abin da aka ambata, ba ya auna nauyin ambaton. Wanda ya san jerin sassan tara yana iya zama a cikin sa'a guda ya rubuta bayanin da zai cinye duka maki, ba tare da ya ɗora wa hukumarsa nauyin ƙwayar gero ba. Campbell da Yeung (1991) sun hango wannan, shi ya sa suka mai da hankali a kan ko ma'aikata suna jin manufar a ransu, kuma ko tana bayyana a halayensu na yau da kullum. Morphew da Hartley (2006) kuwa, da suka nazarci bayanan manufa kusan 300 na kwalejoji da jami'o'in Amurka, sun nuna cewa irin waɗannan rubuce-rubuce sau da yawa saƙo ne ga masu ba da kuɗi da masu faɗa a ji, kowace makaranta tana faɗin abin da nata masu gidan ke son ji. Ke nan ana buƙatar wani ma'aunin da zai tambayi rubutun abin da ya ɗauka a kansa.

5.0 Ma'aunin Alkawari

A shekarar da aka buɗe jami'ar, 1962, aka buga laccocin J. L. Austin waɗanda suka kafa ra'in aikin furuci, wato ra'ayin cewa akwai maganar da faɗinta shi ne aikata ta, kamar ɗaurin aure da rantsuwa da raɗa suna. John Searle (1969) ya ɗauki alkawari ya fayyace sharuɗɗan da sai sun cika yake zama alkawari. Huɗu daga ciki sun dace da wannan nazari. Dole ya kasance aiki ne da mai magana zai yi nan gaba. Dole wanda aka yi wa alkawarin ya kasance yana son aikin. Dole ya kasance ba abin da zai faru ba ne ko da ba a yi alkawarin ba. Dole kuma furucin ya zama ɗaukar nauyi, ta yadda rashin cikawa zai zama saɓawa.

Sharaɗi na uku shi ya fi kama gaɓar farko ta bayanin jami'ar. Koyarwa da bincike da yaɗa ilimi su ne ma'anar jami'a. Jami'ar da ta ce manufarta koyarwa ce da bincike tamkar mahauci ne ya ce manufarsa sayar da nama. Gaskiya ya faɗa, amma bai ƙara wa mai saye sanin komai ba. Hanyar gwada wannan mai sauƙi ce: a cire sunan jami'ar a sa na Jami'ar Ibadan ko ta Nsukka ko ta Legon a Gana. Idan jimlar ta zauna daram ba tare da ta yi ƙorafi ba, to ba ta wannan jami'ar ba ce ita kaɗai. Gaɓar farko ta zauna a ko'ina. Siffar nan ta "mafi inganci" ma ba ta cece ta ba, domin ba a faɗi wa zai yi hukuncin ingancin ba, kuma da wa za a gwada.

Gaɓa ta biyu daban take. Jami'a tana iya rayuwa shekara ɗari ba ta bunƙasa al'adun Afirka ba, kuma da yawa sun rayu haka. Saboda haka wadda ta rubuta cewa za ta yi, ta ɗauki abin da ba dole ba ne, wato ta yi alkawari. Kuma akwai tarihin da za a riƙa tuna mata da shi. A kwalejin da ta zama wannan jami'a ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suna neman a haɗa fasahar zamani da ta gida. Abdullahi Smith ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, kuma mazhabar tarihi da shi da Yusufu Bala Usman suka raya ta sauya yadda ake karanta tarihin ƙasar Hausa. A shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo ya fara fita daga harabar jami'a yana shirya wasanni tare da mutanen Samaru da ƙauyukan kewaye a kan matsalolinsu. Sashen Harsuna da Al'adun Afirka yana karɓar kundayen digiri da aka rubuta da Hausa, kuma Dalhatu Muhammad na wannan sashe shi ya tace ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da aka buga a 1990. Duk ranar da aka zo rage kuɗin ɗab'i ko guraben ɗaukar malamai, waɗannan sassa suna da layi a cikin bayanin manufa da za su ɗora yatsa a kai. Wannan shi ne amfanin rubutun, kuma a ganina wannan gaɓa ce ta fi sauran daraja, ko da yake an cusa ta a tsakiyar jimla tare da haɗin kai da cigaba, kalmomi biyu da ba su da mai ƙin su kuma ba su da mai auna su.

6.0 Fassara a Matsayin Gwaji

Mai nazarin Hausa yana da wani kayan awo da masanin gudanarwa ba shi da shi. Fassara tana tilasta wa mai yin ta ya yanke hukunci a wuraren da asalin rubutu ya yi shiru. Wurare biyu sun isa misali.

Na farko shi ne lokaci. Bayanin Ingilishin ya jera aikatau ba tare da mai aikatawa ba kuma ba tare da lokaci ba. Mai fassara zuwa Hausa yana iya kwaikwayon wannan da jerin "faɗaɗawa" da "bunƙasawa" da "samarwa", amma da zarar an ce ya karanta wa jama'a a matsayin cikakkiyar jimla, sai ya zaɓi lamirin lokaci. Idan ya ce jami'ar "tana bunƙasa" al'adu, ya yi da'awa a kan yau, kuma ana iya zuwa a duba. Idan ya ce "takan bunƙasa", ya shiga lokaci sabau, wanda ke ba da damar a yi yau a bari gobe. Idan ya ce "za ta bunƙasa", ya yi alkawari. Idan kuwa ya koma lokaci na gaba na biyu ya ce "tâ bunƙasa", ya bar ƙofa a buɗe, domin kowane Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin "zan zo" da "nâ zo". Ingilishin ya ɓoye waɗannan huɗu a cikin siga guda. Ba laifin harshen ba ne, salon rubuta irin waɗannan bayanai ne ya zaɓi sigar da ba ta ɗaure kowa. Amma sharaɗin Searle na farko da na huɗu suna rataye ne a kan wannan zaɓi.

Na biyu ya fi ban sha'awa. Kalmar Ingilishin da aka fassara a sama da "yankin da jami'ar ke ɗibar ɗalibai" aro ce daga ilimin ruwa. Asalin ma'anarta ita ce faɗin ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa ya taru a kogi guda, kamar yadda ruwan Samaru da kewaye ke gangarawa Kubanni, inda jami'ar ta yi madatsar da take sha. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya kalmar tana da ma'ana ta doka: kashi 45 cikin ɗari na gurabe bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan wannan yanki, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. A wannan ma'ana, yankin wuri ne da ake ɗiba daga cikinsa, ruwa yana tafiya daga ƙasa zuwa kogi. Amma bayanin manufar ya ce za a biya buƙatun yankin, wato ruwa ya koma daga kogi zuwa gona. Mai fassara dole ya zaɓa tsakanin "yankin da take ɗiba" da "yankin da take shayarwa", kuma kowane zaɓi yana haifar da ma'auni daban. A na farko, jami'ar ta cika alkawari idan ta ɗauki 'ya'yan jihohin Arewa. A na biyu, sai an tambayi manomin Bomo da mai ɗinki a Sabon Gari abin da ya iso gare su. Sharaɗi na biyu, na cewa wanda aka yi wa alkawari yana son abin, ba ya tabbata sai an san wane ne shi. Jera yanki da ƙasa da duniya a numfashi guda yana nufin kowa ne, kuma bashin da kowa ke bi babu mai zuwa karɓarsa.

Haka nan batun ƙwararrun ma'aikata na babban mataki yana da tarihin da ya kamata a sani. Lafazin ya yi tashe ne tun zamanin Kwamitin Ashby, wanda Frederick Harbison ya yi wa ƙiyasin yawan irin waɗannan ma'aikata da Nijeriya za ta buƙata. A 1962 ma'anarsa a fili take ga gwamnatin Kaduna, wadda ke neman 'yan Arewa da za su hau kujerun da Turawa ke bari: likitoci, da injiniyoyi, da alƙalai, da jami'an mulki. Ana iya ƙirga kujerun, ana iya ƙirga waɗanda suka hau. A yau da masu digiri ke yawo da takardu suna neman aiki, lafazin yana nan amma kujerun da yake nuni gare su sun cika. Jimla tana iya zama alkawari a zamani guda ta koma kirari a wani ba tare da an sauya mata harafi ba, shi ya sa awon bayanin manufa ba a yin sa sau ɗaya a rufe.

7.0 Misalai Biyu daga Gida

Ba sai an je nesa ba kafin a ga manufar da ta ɗaure mai ita. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta ke komawa 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin jami'ar a 1962, an ɗora mata inganta irin wasu amfanin gona da aka ambata da suna, cikinsu har da dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga. Gero yana hannun cibiyar Tafkin Chadi a Maiduguri, shinkafa kuma tana hannun ta Badeggi. Wato aikin nata yana da iyaka, ya faɗi abin da ba nata ba. Irin da take fitarwa suna ɗauke da sunan Samaru a goshinsu: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake, SAMCOT na auduga. Da aka fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, an yi ta muhawara a kan sarrafa ƙwayoyin halitta, kuma har yanzu ana yi. Manufar cibiyar ba ta raba wannan gardama ba, amma ta sa an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Manomin da ya shuka iri bai yi ba ya san sunan wanda zai tambaya.

Za a iya cewa ba adalci ba ne a gwada cibiya mai aiki guda da jami'a mai tsangayoyi masu yawa, daga likitanci zuwa shari'a. Akwai gaskiya a nan. Jami'a ba za ta iya rubuta jerin amfanin gona ba, kuma bayanin da ya cika ƙunci yana iya shaƙe binciken da ba a san amfaninsa ba sai bayan shekara talatin. Abin da ake nema a wurinta bai kai haka ba. Ana neman ta nuna fifiko: idan buƙatar yanki da neman suna a duniya suka yi karo, misali wajen ƙarin girma ga malamin da ya rubuta littafi da Hausa da wanda ya buga maƙala a mujallar ƙasar waje, wanne ke gaba? Bayanin yanzu ya ba kowannensu gaskiya.

Misali na biyu tsoho ne. Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, sunanta kansa bayanin manufa ne: Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kalmomi huɗu sun faɗi abin da ake sayarwa, da farashinsa, da da'awar cewa mai saye ya ci riba. Jaridar gwamnati ce, kuma wannan suna ya miƙa wa kowane mai karatu sandar da zai doke ta da ita duk ranar da ya ga ta kauce. Ko ta cika alkawarin ko ba ta cika ba, wannan aikin masana tarihin jarida ne. Abin lura a nan shi ne an rubuta shi da harshen waɗanda aka yi wa shi, ta yadda za su iya riƙe shi a ka.

8.0 Gwajin a Sabon Gari

Ƙananan ƙungiyoyi ma sun shiga wannan layi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta buƙaci ƙungiyar da ke son rajista da amintattu ta rubuta manufofinta a cikin tsarin mulkinta, kuma masu ba da tallafi kan nemi ganin bayanin manufa kafin su saurari kowa. Sakamakon haka shagunan buga takardu sun zama wurin sayen manufa, ana sauya suna a bar sauran.

Wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Sabon Gari ta taɓa kawo mini irin wannan takarda domin in mayar da ita Hausa a karanta a taron mambobi. Ta yi maganar ƙarfafa mambobi da kyautata rayuwa da zama abin koyi a Afirka ta Yamma. Da ma'aunin David za ta ci maki shida ko bakwai. Na fassara iyakar iyawata, sakatare ya karanta, aka yi shiru. Sai wani dattijo mai sayar da yadi ya dube ni ya ce, "Malam, duk mun ji. To idan rumfata ta ƙone, me ƙungiya za ta yi mini?" Amsar tana nan, kowa a ɗakin ya san ta: akwai kuɗin mako da ake tarawa, akwai gudummawar gobara da ta rasuwa, akwai sasanta rikici tsakanin mambobi kafin a kai ga hukuma. Shekara da shekaru suna yin waɗannan, amma ko ɗaya babu a takardar.

A zaman aka sake rubutun da Hausa, jimloli uku, kowace da aikin da ta ɗauka da wanda za a yi wa. Ba a samu saɓani a kan ayyukan ba. Gardamar da ta ci sauran yammacin a kan kalma biyu ce a jimlar gobara. Dattijon da magoya bayansa suka tsaya a kan a rubuta "ƙungiya za ta taimaka". Ma'aji kuwa, wanda ya san abin da ke cikin asusu, ya ce shi ba zai sa hannu ba sai an rubuta "ƙungiya takan taimaka". Aka kira sallar magariba ba a daidaita ba, shugaba ya ɗage maganar zuwa taro na gaba, ya kuma umarci ma'aji ya zo da littafin asusu.